Lu'ulu'u, Kabari da Kujera: Yadda Ake Ƙulla Labarin Kaya Masu Shu'umci

A watan Oktoban 2020 aka sami labarin wani ƙunshi da ya iso garin Pompeii na kudancin Italiya daga ƙasar Kanada. Da aka kwance shi, sai ga 'yan gutsattsarin adon daɓe guda biyu, da ɓallin tsohon tulu, da wata wasiƙa. Matar da ta aiko ta ce ita ta ɗauke su a ɓoye a 2005, lokacin da ta je yawon buɗe ido tana da ƙuruciya, a kufan birnin nan da dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79 miladiyya. Ta ce tun daga lokacin ba ta sake ganin daidai ba: sau biyu sankarar mama tana kama ta, ga kuma karayar arziki. Roƙonta guda ne, a karɓi kayan a mayar da su inda ta ɗauko, don kada ta bar wa 'ya'yanta gadon masifa.

Duk wanda ya ji abin da ke cikin wasiƙar zai tausaya mata. Ciwonta gaskiya ne, tsoronta ma gaskiya ne. Abin da ya rage a bincika shi ne ko ɓallin tulu yana da hannu a ciki. In kuwa ba shi da hannu, me ya sa mace da ke zaune a ƙasar da likitoci suka wadata ta shafe shekara 15 tana zarginsa? Amsar ba ta tsaya a kanta ita kaɗai ba. Ta shafi sarakuna, da attajirai, da 'yan jarida, ta kuma shafe mu.

Lu'ulu'un da aka aika ta gidan waya

Cikin duwatsu masu daraja babu wanda ya kai lu'ulu'un Hope baƙin suna. Shuɗi ne, nauyinsa karat 45.52, yau yana gidan tarihi na Smithsonian a birnin Washington. Labarin da aka saba bayarwa shi ne wai daga idon wani gunki aka ƙwaƙule shi a Indiya, masu bautar gunkin suka tsine wa duk wanda zai mallake shi. Wai bafataken da ya fara kai shi Turai, wani Bafaranshe mai suna Jean-Baptiste Tavernier, karnukan daji ne suka yayyaga shi. Sarkin Faransa Louis na 16 da matarsa Marie Antoinette kuwa an fille musu kai a 1793, kuma dutsen ya taɓa kasancewa cikin kayan sarautarsu.

Idan aka koma ga takardun tarihi, sai labarin ya fara warwarewa. Tavernier ya sayar wa Sarki Louis na 14 dutsen a 1668, ya yi arziki da cinikin, ya rayu har ya haura shekara 80, ya mutu a Rasha a 1689. Babu wata shaida ta gunki ko ta karnuka. Shi kansa Louis na 14 ya riƙe dutsen shekara 47, kuma ya yi shekara 72 a gadon sarauta, abin da babu wani sarkin Faransa da ya taɓa yi. Masu labarin la'ana ba sa ambaton wannan. Juyin juya halin da ya ci Louis na 16 kuwa ya ci dubban mutanen da ko a mafarki ba su taɓa ganin lu'ulu'u ba.

To daga ina tsinuwar ta fito? Masanin da ya bi diddigin al'amarin, Richard Kurin na Smithsonian, ya nuna cewa a farkon ƙarni na 20 jaridu suka fara dafa labarin, suna ƙara masa gishiri, har da sunayen mutanen da babu tabbacin sun taɓa riƙe dutsen. Sai kuma dillalin kayan ado Pierre Cartier ya shigo. Yana neman mai saye, ya sami wata hamshaƙiyar Ba'amurkiya, Evalyn Walsh McLean, wadda aka san ta da cewa abin da ke kawo wa wasu tsiya ita sa'a yake kawo mata. Cartier ya zauna ya shirya mata tarihin dutsen yadda zai ja hankalinta, ta saya a 1911 a kan dala 180,000. Labarin la'anar yana cikin abin da aka sayar mata.

Daga baya masifu sun same ta, babu ko tantama. Mota ta kaɗe ɗanta ɗan shekara 9 a 1919. An yi gwanjon jaridar gidansu, Washington Post, a 1933 saboda bashi. Mijinta ya mutu a asibitin masu taɓin hankali a 1941, 'yarta kuma ta mutu a 1946 bayan ta sha ƙwayoyi fiye da ƙima. Idan aka jera su haka a layi ɗaya, gaban mutum sai ya faɗi. Amma ta riƙe dutsen ne daga 1911 har mutuwarta a 1947, shekara 36 ke nan. Mai karatu ya zaɓi kowane babban gida a unguwarsu ya bi tarihinsa na shekara 36, zai tarar da rasuwar yaro, da mutuwar aure, da hasarar dukiya. Bambancin kawai shi ne babu wanda ke rubuta nasu a jarida yana danganta shi da wata sarƙar wuya.

A 1958 ɗan kasuwar da ya sayi dutsen bayan rasuwarta, Harry Winston, ya ba da shi kyauta ga Smithsonian. A cikin ƙunshin takarda ya sa shi, ya aika ta gidan waya, ya biya dala 145.29 kuɗin aike da inshora. Tun daga ranar miliyoyin mutane suke tsayawa a gabansa kowace shekara, gidan tarihin kuwa sai bunƙasa yake yi.

Kabarin Fir'auna da fushin 'yan jarida

A ranar 4 ga Nuwamban 1922 ma'aikatan mai tonon kayan tarihi Howard Carter suka tono matakalar farko ta kabarin Fir'auna Tutankamun a Kwarin Sarakuna da ke kudancin Masar. Wanda ya ɗauki nauyin aikin shi ne wani attajirin Ingila, Lord Carnarvon. Wata biyar bayan haka, ranar 5 ga Afrilun 1923, Carnarvon ya mutu a Alƙahira yana ɗan shekara 56. Sauro ne ya cije shi a kumatu, ya zo gyaran fuska aska ta yanke wurin, miki ya ruɓe, cuta ta shiga jini, ciwon huhu ya ƙarasa shi. Dama can ba lafiya gare shi ba tun wani mummunan haɗarin mota da ya yi a Jamus, kuma a wancan zamanin ba a samo maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su fenisilin ba.

Akwai wani abu da ya faru kafin mutuwarsa wanda ba kasafai ake faɗa ba. A watan Janairun 1923 Carnarvon ya sayar wa jaridar Times ta Landan izinin ɗaukar labarin kabarin ita kaɗai. Sauran 'yan jarida na duniya, har da na Masar ɗin kanta, aka bar su a bakin rami cikin zafin rana, ba labari ba hoto, editocinsu kuma na jiran abin bugawa. Da mutumin ya kwanta ciwo, sai suka sami abin da Times ba ta da iko a kansa. Aka buga cewa wai akwai rubutu a ƙofar kabarin da ke gargaɗin mutuwa ga duk wanda ya shiga. Babu irin wannan rubutu a kabarin Tutankamun, ba a kuma taɓa samun sa ba. Marubucin nan Arthur Conan Doyle, wanda ya yi imani da mu'amala da ruhohi, ya ƙara wa wutar makamashi da cewa wataƙila wasu halittu masu gadin kabarin ne suka yi aikin.

Shi Carter, wanda ya fi kowa shiga kabarin, ya yi kusan shekara 10 yana kwashe kaya sama da 5,000 da hannunsa, ya kuma buɗe akwatin gawar. Sai a 1939 ya mutu, yana da shekara 64. 'Yar Carnarvon, Lady Evelyn, tana cikin mutanen farko da suka sa ƙafa a ciki, ta rayu har 1980. Likitan da ya yi binciken gawar Fir'aunan, Douglas Derry, ya haura 80. A 2002 wani likita ɗan Ostiraliya, Mark Nelson, ya buga bincike a mujallar likitoci ta Birtaniya inda ya bi rayuwar Turawa 44 da Carter ya ambata suna Masar a lokacin. Ashirin da biyar daga cikinsu suna wurin yayin buɗe ƙofofi ko akwatuna ko gawar. A matsakaicin lissafi sun ƙara kimanin shekara 20 a duniya, sun mutu suna wajen shekara 70, kuma tazarar da ke tsakaninsu da sauran ba ta kai wadda za a ce ta wuce dace ba. Leburori Misirawa da suka yi haƙan da ɗaukar kayan kuwa, ba wanda ya damu ya ƙirga su a labarin la'anar, kuma ni a ganina wannan kaɗai ya isa ya nuna wa wa aka rubuta labarin.

Sauran labaran haka suke, sai dai kowanne da inda yake ɓarkewa. An buɗe kabarin tsohon sarkin yaƙi Timur a Samarƙand a watan Yunin 1941, cikin kwanaki kaɗan Jamus ta auka wa Tarayyar Sobiyat ranar 22 ga watan, aka ce tsinuwar mai kabari ce. Amma Hitila ya sa hannu a kan umarnin harin tun Disamban 1940. A garin Thirsk na Ingila akwai wata kujera da aka rataye a bangon gidan tarihi don kada kowa ya zauna, wai wani mai kisan kai da aka rataye a 1702 ya tsine mata. Da masanin kayan katako ya duba ta, ya ga aikin inji a jikinta, ya ƙiyasta an ƙera ta wajen 1840. Akwai kuma wani ƙaramin akwati da aka sa a kasuwar intanet ta eBay a 2003 da labarin cewa an kulle mugun ruhu a ciki, har aka yi fim a kansa a 2012. A 2021 wanda ya sayar da shi, Kevin Mannis, ya fito ya ce shi ya ƙirƙiri labarin gaba ɗaya.

Wanda ya fi koyar da darasi shi ne hoton yaro mai kuka. A watan Satumban 1985 jaridar Sun ta Ingila ta buga cewa gobara ta cinye wani gida a garin Rotherham, komai ya ƙone ban da wani zanen yaro mai hawaye, kuma wai 'yan kwana-kwana sun sha ganin haka. Nan da nan tsoro ya game ƙasa. Mutane suka ciro nasu daga bango suka aika wa jaridar, ta tara kusan 2,500 ta banka musu wuta. Gaskiyar ita ce an sayar da dubun dubatar kwafin hoton a shaguna da araha, yana rataye a ɗakunan talakawa ko'ina, don haka ba abin mamaki ba ne a tarar da shi a gidan da ya yi gobara. Gobarar Rotherham ɗin daga kaskon suya ta tashi. A 2010 wani shirin rediyon BBC ya kai hoton cibiyar binciken gine-gine aka kunna masa wuta. Sai aka ga an shafe fuskarsa da wani mai da ba ya saurin kamawa, igiyar da ke riƙe da shi kuma ita take fara ƙonewa, hoton ya faɗo ya kife, ya tsira daga harshen wutar.

Rigar sanyin mai kisan kai

Da a ce ƙarya ce kawai ta dillalai da 'yan jarida, da labaran sun mutu tuntuni. Suna rayuwa ne domin akwai abin da suke tararwa a cikin zuciyar ɗan'adam.

Farfesa Bruce Hood na Jami'ar Bristol yakan shiga zauren lacca da wata tsohuwar rigar sanyi, ya ce wa zai sa ta a ba shi fam 10. Hannuwa su tashi da yawa. Sai ya ce rigar ta Fred West ce, wani da ya yi ƙaurin suna a Ingila wajen kashe mata yana binne su a gidansa. Kusan duk hannuwan sai su sauka, 'yan kaɗan da suka bar nasu a sama kuma na kusa da su su fara jan jiki. Rigar ba ta West ba ce, kuma da yawa cikin masu sauraren masana kimiyya ne da za su rantse ba su yarda da camfi ba. Gidan West ɗin kansa hukuma ta rushe shi a 1996, ta sa aka niƙe bulullukansa.

Paul Rozin na Jami'ar Pennsylvania da abokiyar aikinsa Carol Nemeroff sun daɗe suna nazarin wannan ɗabi'a. A wani gwaji da aka buga a 1986, sun tsoma mataccen kyankyaso a cikin kofin lemo bayan sun tabbatar wa mutum an kashe duk ƙwayar cutar da ke jikinsa. Mutane suka ƙi sha. Sun zuba sukari a kwalabe biyu a gaban mutum, suka ba shi takarda mai sunan guba ya manna wa wadda ya ga dama da hannunsa, amma duk da haka ya riƙa ɗari-ɗari da ita. Da suka zo kan tufafi sai suka ga wani bambanci: rigar marar lafiya in an wanke ta ƙyamar tana raguwa, rigar mugun mutum irin su Hitila kuwa wanki ba ya yi mata komai a idon mutane. Zuciya tana ɗaukar mugunta tamkar datti mai naso, wanda sabulu ba ya fitarwa. Ta ɗaya ɓangaren ma haka ne. George Newman da Paul Bloom, a lokacin suna Jami'ar Yale, sun duba gwanjon kayan Shugaba Kennedy da na 'yar fim Marilyn Monroe a wani bincike na 2014, suka ga abin da ake zaton ya fi taɓa jikin mai shi ya fi tsada.

Mun san wannan a gida. Mutum zai sayi rigar gwanjo a kasuwa ya sa hankali kwance, alhali bai san wuyan wa ta fito ba. Ka ce masa mai ita a cikinta ya cika, ko ɗan fashi ne, sai ka ga ya ajiye ta. Zaren bai canza ba, labarin ne ya shigo. Masana suna ganin tushen wannan ƙyama kariya ce daga cuta. Shekaru dubbai kafin a san ƙwayoyin cuta, wanda ya guji shimfiɗar mai agana ya fi wanda bai guje ta ba tsawon rai. Saboda haka ban ga dalilin yi wa mai wannan tsoro dariya ba. Matsalar ita ce ɗabi'ar ba ta san iyakarta ba, takan tsallaka daga cuta ta koma kan hali da ƙaddara.

Abu na biyu shi ne gaggawar haɗa sababi. A 1948 masanin halayya B. F. Skinner ya sa tantabaru masu jin yunwa a keji, wata na'ura tana sako musu hatsi duk bayan daƙiƙa 15, ko me suke yi. Shida daga cikin takwas suka ɗauki wata al'ada: wannan tana juyawa hagu, waccan tana cusa kai a kusurwa, kowacce tana maimaita abin da hatsi ya same ta tana yi. Mutum ya fi tantabara hankali nesa ba kusa ba, amma shi ma in ya sa sabon zobe ranar Litinin shagonsa ya ƙone ranar Laraba, zuciyarsa ta ɗaure su wuri ɗaya. Daga nan kuma sai ƙirga ta karkace. Duk tuntuɓen da ya yi da zoben a hannu zai tuna, ranakun lafiya ɗari da ya yi da shi kuwa ba sa shiga lissafi.

Na uku ya fi zurfi. Masanin al'adu Evans-Pritchard, wanda ya zauna da ƙabilar Azande a kudancin Sudan ya kuma wallafa littafinsa a 1937, ya kawo misalin rumbu. Mutane na hutawa a inuwarsa, sai ya rufta musu. Azande sun sani sarai gara ce ta cinye ƙafafun rumbun. Abin da suke tambaya daban ne: me ya sa sai a wannan sa'a, kuma sai da waɗannan mutane suke ƙarƙashinsa? Likita zai iya gaya wa mace yadda sankara ke tsiro, ba zai iya gaya mata me ya sa ita ba. Wannan gurbi ne labarin la'ana yake cikewa, kuma yana zuwa da abin yi. Ba ka da iko a kan sankara, amma kana da ikon naɗe dutse ka kai gidan waya. Masu bincike Jennifer Whitson da Adam Galinsky sun nuna a 2008 cewa mutanen da aka sa suka ji al'amura sun kuɓuce musu sun fi saurin ganin siffa a hoton da babu komai cikinsa sai ɗige-ɗige. Tun kafin su masanin al'adu Malinowski ya lura cewa masuntan tsibiran Trobriand ba sa yin wani tsafi in za su kamun kifi a ruwa mai kwanciya kusa da gaɓa, sai in za su shiga tsakiyar teku.

Sai kuma laifi da ke cin rai. A Ostiraliya, kusan kullum sai hukumar da ke kula da dutsen Uluru ta karɓi ƙunshin duwatsun da baƙi suka ɗauka suka dawo da su. Mai bincike Jasmine Foxlee ta karanta wasiƙun da ke zuwa tare da su, ta ga kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka ambaci rashin sa'a, mafi yawa neman gafara suke yi. Mutanen Anangu masu wurin ba su ce akwai wata la'ana ba. Abin lura a nan shi ne yawancin kayan da ake cewa suna da tsinuwa, an raba su ne da masu su ta hanyar da ba ta dace ba. Lu'ulu'un Koh-i-Noor, wanda ake cewa ba ya yi wa maza daɗi, Ingila ta karɓe shi ne a 1849 daga hannun Duleep Singh, sarkin Punjab, yana yaro ɗan shekara 10.

Tsoron kuma yana iya kwantar da mutum da gaske. A 2007 likitoci a Amurka suka ba da rahoton wani saurayi ɗan shekara 26 da ya haɗiye ƙwayoyi 29 na wani maganin gwaji. An kawo shi asibiti jininsa ya sauka zuwa 80 bisa 40, yana rawar jiki, aka yi ta ƙara masa ruwa. Da aka bincika sai aka gano yana cikin rukunin da ake ba ƙwayar da babu magani a cikinta. Minti 15 bayan an gaya masa, jininsa ya daidaita. Wanda ya yi imani an binne masa asiri a bakin ƙofa zai iya daina barci, ya daina cin abinci, ya rame, ciniki ya lalace, duk wanda ya gan shi kuma ya ce ai ga shi nan ya kama shi.

Inda abin yake zama zalunci

A watan Yulin 2004 jita-jita ta game Nijeriya cewa akwai wasu lambobin waya da in mutum ya amsa kiransu zai faɗi ya mutu, har sai da kamfanin waya na VMobile ya fito ya ƙaryata. Wannan ya wuce ba tare da ɓarna mai yawa ba. Wanda ba ya wucewa shi ne idan zargin ya tashi daga kan kaya ya sauka a kan mutum. Amarya ta tare, bayan wata biyu kasuwar miji ta karye, sai a fara raɗa cewa farar ƙafa gare ta. Lissafin da aka yi wa lu'ulu'un Hope shi ake yi mata, sai dai lu'ulu'u ba ya jin zafin saki, ba ya kuma komawa gidan iyayensa da tabon da zai hana wani ya neme shi.

Malamanmu ba su musanta sihiri da kambun baka ba, amma sun yi tsanani a kan camfa abu da jingina masa ikon cutarwa na ƙashin kansa. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya tsaya gaban Hajarul Aswad ya bayyana cewa ya san dutse ne da ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, yana sumbatarsa ne don koyi da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik kuma akwai labarin matar da ta kawo kukan wani gida da suka koma, yawansu ya ragu, dukiyarsu ta tafi, aka ce su bar gidan. Wasu masu sharhi sun ce an ba su wannan umarni ne don a yanke waswasin da ya riga ya kama zukatansu, wasu kuma suka ce mai yiwuwa wurin ne ba shi da lafiyar zama. Fassarar ta biyu ta kai mu ga ɓangaren da ya fi damuna.

Wani lokaci kayan ne da kansu suke kisa. A watan Satumban 1987, a birnin Goiânia na ƙasar Barazil, wasu 'yan bola jari biyu suka kwance wani ƙarfe daga na'urar gashin sankara a wani asibiti da aka yi watsi da shi, suka sayar wa mai shagon gwangwan. Da dare ya ga wani gari yana walƙiya shuɗi a cikin ƙarfen. Ya ɗauka abu ne mai daraja, ya kai gida, ya rarraba wa 'yan'uwa. Wata yarinya 'yar shekara 6 ta ci abinci da garin a hannunta. Mutane suka fara amai da gudawa, fata na saɓulewa, likitoci na zaton wata cuta ce daban. Matar mai shagon ce ta lura cewa tun shigowar abin nan gidanta bai ga lafiya ba. Ranar 28 ga watan ta sa aka zuba shi a jaka, ta hau bas, ta dire shi a ofishin jami'an lafiya. Washegari wani masani ya auna, aka gano sinadarin siziyom ne mai fitar da tururin nukiliya. An gwada mutane kusan 112,000, an sami 249 da ya taɓa, huɗu sun mutu, ciki har da ita da yarinyar. Zarginta daidai ne, kuma inda ta kai shi ne ya ceci garin. Da ta jefa shi a kogi ko ta binne a bayan gida, da ba a san iyakar ɓarnar ba.

Mu ma mun ga namu. A farkon 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka tarar yara na ta mutuwa da farfaɗiya a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma ba ya yi musu aiki. Gwajin jini ne ya tona asirin: gubar dalma. Magidanta na kawo duwatsun zinare cikin gida, ana dakawa ana niƙawa a tsakar gida, ƙurar na sauka inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baka. A ƙauyuka biyu da aka bi gida-gida, yaro ɗaya cikin kowane huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya mutu cikin shekara guda. Jimillar yaran da suka rasu ta kai aƙalla 400, dubbai kuma gubar ta shiga jininsu. Maganin da ya yi aiki shi ne kankare ƙasar gidajen a zuba sabuwa, a fitar da aikin dutse bayan gari, a ba yaran maganin da ke wanke dalma daga jiki. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka mutu.

Don haka, mai karatu, idan wani abu ya shigo gidanka rashin lafiya ta biyo baya, kada ka raina zarginka. Dutsen ma'adinai ne, ko tsohon batir da ake fasawa, ko ƙarfen da aka tsinto a bola, ko gwangwanin maganin ƙwari da aka mayar mazubin ruwa, ka nisanta shi da yara, ka yi addu'arka, sannan ka kai marar lafiya asibiti ka gaya wa likita abin da aka shigo da shi da ranar da aka shigo da shi. Amaryar gidan kuma a ƙyale ta.